Hajiya ta ce ni na jawo wa ɗanta ciwon daji

Assalamu alaikum Anti, ina gaisuwa, ya aiki ya jama'a. Daga Makka nake rubuto miki, wajen Shara Mansur, dan Allah a sakaya sunana.

Maigidana ne ba lafiya. Wani ƙullutu ya fito masa a gefen wuya, ba zafi ba ciwo, muka ce kaluluwa ce za ta baje, sai ga rama ga zufar dare har sai na tashi na canza zanin gado. Da aka yanki ƙullutun aka yi tahalil, wato gwaji, a mustashfa sai duktur ya ce limfoma ce, wato ciwon daji na kaluluwa, irin wadda ake kira Hodgkin, kuma sun ga alamar wata ƙwayar cuta Epstein-Barr a ciki, wai ta miyau ake ɗaukarta.

Toh tunda Hajiya mahaifiyarsa ta ji haka shikenan, wai wa yake haɗa kofi da shi in ba ni ba. Ta ware masa kwano da cokali ta ɗaura musu jan zare, ta kwashe yaran zuwa gidan ƙanwarsa, ƙaramar kullum kuka take tana kiran Abba. Shi kuwa bawan Allah in ya dawo daga kimawi, wato maganin dajin da ake sa masa, ko magana ba ya iya yi, sai amai, balle ya shiga tsakaninmu.

Na koma wajen duktur ni kaɗai, ya zaunar da ni ya ce sama da mutum 90 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da ƙwayar nan, yawanci tun suna yara suka ɗauka, tana kwance a jiki har ƙarshen rai, ƙalilan ne ƙwarai take taimakawa ta zame musu daji, kuma shi dajin ba a ɗaukarsa. Wai tun 1964 aka gano ta, a ciwon nan na Burkitt mai kumbura muƙamuƙin yara a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. Ƙanjamau da ciwon hanta nau'in C su ma suna ƙara haɗarin limfoma, an gwada mu duka babu, alhamdulillah. Wallahi Anti a lissafin nan ita kanta Hajiyar da wuya in ba ta da ita, amma ina ni ina faɗa mata haka.

Shine nake neman shawara, ta yaya zan fahimtar da ita ba tare da ta ce na yi mata rashin kunya ba? In nemi kawunsa ya shiga maganar ko in lallaɓa ta mu je ta ji daga bakin duktur? Yaran fa, akwai amfanin a gwada su? Sannan ta dage sai ya sha wani jiƙo da aka aiko daga gida, ni kuma tsoro nake kar ya haɗu da kimawin, zuma da zamzam dai yana sha.

Na gode, Allah ya saka da alheri, a sa mu a addu'a.

Ƙanwarki a Makka