Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau Kan 'Ya'yanmu Masu Shakkar Samuwar Allah

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Ambasada Malam Ahmad Nuhu Bamalli.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nasara.

Ranka ya daɗe, maganar da na kawo gaban Sarki irin wadda ake rage murya ce in za a yi ta a Zariya. A cikin 'ya'yanmu, a Samaru da Kongo har da cikin ganuwa, akwai waɗanda suka daina yarda akwai Allah. Ba sa faɗa. Suna bin sahu ranar Juma'a, suna kai azumi a gaban iyaye, in dare ya yi su hau Facebook da sunan aro su amayar da abin da ke cinsu. Mu da muke koyarwa, in ɗalibi ya saki jiki da mu, mukan ji tambayar: Malam, mece ce hujjar?

Abin da muka saba yi shi ne tsawa. A ce aljanu ne ko sammu, a kai shi ruƙiyya, in ya ƙi a kore shi daga gida. Mun ga inda ƙarfi ya kai a shari'ar Mubarak Bala, wanda ya fito fili ya ce bai yarda akwai Allah ba: an kama shi a Kaduna a 2020, kotu a Kano ta ɗaure shi shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar, ya fito. Ban zo yin sharhi kan hukuncin ba, kalaman da aka tuhume shi a kansu sun ɓata wa Musulmi rai ƙwarai. Abin lura kawai, da ra'ayin da ya shiga kurkuku da shi ya fito.

In ba tsawa ba, sai hujjar bogi, kuma wannan ta fi ba ni takaici domin daga kan mumbari take saukowa. Har gobe ana ba da labarin wai Neil Armstrong ya ji kiran salla a duniyar wata a 1969 ya musulunta, alhali mutumin ya ƙaryata tun yana raye. Ga hotunan kankana da tsokar nama masu ɗauke da sunan Allah ana ta yawo da su a WhatsApp. Ɗalibin likitanci a Shika, da wayar hannunsa zai gano ƙarya ce kafin a shafa fatiha. Daga ranar kuma duk abin da malamin ya faɗa, har da na gaskiya, sai ya sa masa alamar tambaya.

To wace hujja suke nema? Wasu sukan ce a nuna musu abin da za a gani a auna. Suna kafa hujja da binciken da aka wallafa a Amurka a 2006, inda aka bi marasa lafiya 1,802 da aka yi wa tiyatar zuciya, aka sa ana yi wa wasu addu'a daga nesa, ba a ga bambanci a warkewarsu ba. Amsarmu ita ce Ubangiji ba ya shiga ɗakin gwaji don wani ya jarraba shi, kuma Alƙur'ani ya riga ya faɗa a Suratul Hijri cewa ko an buɗe musu ƙofa a sama suna hawa, cewa za su yi an rufe mana ido ne. Masu gaskiya a cikinsu sukan amsa haka: da za su ga rubutu a sararin sama, za su fara zargin ƙwaƙwalwarsu ko wata na'ura. Amma sai su juyo su ce, tunda mu'ujiza ba za ta yi ba, me zai yi? Tambayar tana bisa hanya, kuma muna da amsarta a akwatin littattafan kakanninmu.

A zaurukan Zazzau an daɗe ana karanta Ummul Barahini, littafin tauhidi na Shehu Sanusi, malamin Tilimsana da ya rasu a 1490. Da hankali yake farawa: me ya wajaba, me ya koru, me ya halatta. Duniya fararriya ce, fararre kuwa ba ya farar da kansa. Hujjar nan ita ce a Suratuɗ Ɗuri, inda aka tambaya ko an halicce su ne ba daga komai ba, ko su ne masu halittar. Jubairu ɗan Muɗ'imu yana mushiriki ya ji Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana karanta ta a Magariba, ya ce zuciyarsa ta kusa tashi. Yau masana taurari suna cewa sararin duniya yana da mafari, kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce, kuma wanda ya fara kawo wannan tunani limamin coci ne ɗan Beljiyam, Georges Lemaître. Sai dai shi kansa bai so Paparoma ya mayar da bincikensa hujjar addini ba, domin lissafin kimiyya yana tsayawa ne a wani wuri, bai faɗi abin da ke bayansa ba. Malamin da zai ɗauki wannan hujja dole ya san da wannan martanin, in ba haka ba yaro ɗan aji biyu zai ƙure shi.

Kuma hujjar hankali takan ci. Antony Flew, masanin falsafa ɗan Ingila, ya yi fiye da rabin ƙarni yana jagorantar masu musun Allah, a 2004 ya fito ya ce tsarin halitta ya sa ya yarda akwai Mahalicci. Har ya mutu a 2010 bai karɓi wahayi ko lahira ba. Hujjar ta kai shi zaure, ba ta shigar da shi cikin gida ba, wannan sai shiriyar Allah.

Sai dai, Allah ya taimaki Sarki, yawancin namu ba kimiyya ce ta fitar da su ba. Yarinyar da aka sace mahaifinta a hanyar Birnin Gwari, aka sayar da gona aka biya fansa, aka yi ta alƙunutu, sannan gawa ta dawo, in ta ce ina Allah yake, ba lissafin taurari take tambaya ba. Mukan ce mata ƙaddara ce, mu tashi. Ƙaddara gaskiya ce, amma malamai sun yi dogon bayani kan jarrabawa da zaɓin bawa da sakamakon lahira, ba wanda ya zauna ya yi mata shi cikin tausayi. Wani kuma yana kallon wanda ya cinye kuɗin 'yan fansho yana sahun gaba, ana masa kirari a wurin tafsiri. Sai ya ce a ransa, da waɗannan sun yarda akwai hisabi da ba su yi haka ba, ashe su ma ba su yarda ba. Wannan hujja ce da mu muke ba shi da hannunmu, kuma babu littafin da zai rushe ta sai halinmu ya canja.

Akwai kuma mai cewa, ni Musulmi ne don an haife ni a Kwarbai, da a gidan Kirista a Wusasa aka haife ni fa? Sarki ya yi jakadanci a Tailan, ya zauna da al'ummar da akasarinta mabiya Buddha ne, addinin da ba a gina shi kan Mahalicci ba, don haka ya fi ni sanin nauyin wannan tambaya.

Addininmu bai haramta tambaya ba. Annabi Ibrahimu ya roƙi Ubangiji ya nuna masa yadda yake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu, aka nuna masa. Sahabbai sun kai ƙarar waswasin da suke jin nauyin furtawa, aka ce musu wannan shi ne tsantsar imani, hadisin yana cikin Muslim. Imamu Gazali ya yi fama da shakka, ya rubuta da hannunsa, bai hana a kira shi Hujjatul Islam ba. Mai zagi daban, mai tambaya daban, mu ne muka haɗe su.

Roƙona ga Mai Martaba shi ne a kafa majalisi ƙarƙashin amanar fada. A haɗa malaman zaure masu tauhidi da manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja da hankali, da malaman kimiyya da falsafa na Jami'ar Ahmadu Bello, domin kowane ɓangare yana da abin da ɗayan ya rasa. A karɓi tambayoyi a rubuce ba suna, a hana ɗaukar hoto da murya, inda malamai ba su da amsa su ce Allahu a'alamu, a je a yi bincike a dawo. In shugabannin coci na Wusasa da Sabon Gari suna so, a ba su nasu zaman, 'ya'yansu ma suna cikin wannan hali. Sannan fada ta ja hankalin limaman Juma'a su tantance labari kafin su hau mumbari da shi, kuma su gaya wa jama'a cewa duk wanda ya tona asirin mai tambaya har aka taru a kansa, zai amsa kira a gaban hukuma.

Allah ya ƙara wa Sarki imani da yawan rai.

Mai biyayya ga Sarki,
Wani malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya.