Godiya ga ma'ajiyar maganin da ke aiko mana da gam ɗin tiyata

Assalamu alaikum. Mu ma'aikatan ɗakin tiyata a nan Tawa muna miƙa godiya a bainar jama'a ga ma'ajiyar magani ta Yamai da ke aiko mana da gam ɗin fibirin, wanda ke manne nama ya tsayar da jini a lokacin tiyata, musamman masu kula da firiza da direbobin da ke biyo Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da shi, tafiyar fiye da kilomita 500.

Wani zai ce ai gam ne kawai. To, daga jinin ɗan Adam ake tace shi. Sirinji biyu ne a haɗe, ɗaya fibirinojin, ɗaya turombin da kalsiyam (fibirinojin da turombin furotin ne na jini masu sa shi ya yi guda), suna gamuwa sai su daskare kamar gudan jini. Ana shafa shi siriri inda zare ba ya riƙewa, irin hanta mai tsattsafar jini, a danne minti 3 zuwa 5, jiki ya narkar da shi cikin kamar mako biyu. Dermabond, wani gam ɗin rufe rauni, ba ya wannan aiki, na fata ne.

Sai dai kaya ne mai tsirfa. Nau'in daskararre digiri 20 ƙasa da sifili yake so. In za a yi aiki a narkar da shi tsakanin digiri 33 da 37. Ya wuce haka, furotin ɗin ya lalace, kuma wanda ya narke ba a mayar da shi firiza. Ga zafin Afrilu da ke haura 40. Nan aikinku ya fito: kowane akwati da ƙanƙararsa da ma'aunin sanyinsa, wanda kuka yi shakkarsa kuma ba kwa turowa. Ido ba ya gane wanda ya narke a hanya aka sake daskarar da shi, sai a kan mara lafiya.

Mun gode da takardar gargaɗin da kuke haɗowa. A wanke aidin da alkwal daga wurin da za a shafa, don suna kashe gam ɗin. A tsane jini tukuna, in ba haka ba ya yi iyo bai kama nama ba. In an dakata da shafawa, a canza bakin sirinji, toshewa yake. Jijiya mai feshin jini kuwa ɗauri take so.

Jiƙar nama ita ce masu bincike ke fama da ita. A 2019 masanan jami'ar MIT a Amurka sun nuna wani tef mai tsotse ruwan ya manne cikin daƙiƙa 5. Ranar da irinsa ya samu izinin shiga asibiti, muna roƙo ku tuna da Tawa.

Allah ya saka da alheri.

Ma'aikatan ɗakin tiyata, Tawa