Masaƙun Kaduna da Kano: A Kan Wa Nauyin Buɗe Kasuwa Ya Faɗa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina game da cinikayya tsakanin ƙasa da ƙasa, maganar da ta sake tasowa tun da Najeriya ta shiga yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka. Wasu suna cewa buɗe iyakoki shi ne zai kawo mana arziki, wasu kuma suna cewa a toshe ko'ina mu ci namu mu sa namu, amma da wuya ka ji ɗaya daga cikinsu ya tsaya ya dubi abin da ya riga ya same mu a harkar masaƙu. A can ne muka gwada hanyoyin nan biyu duka, kuma ma'aikaci da manomin auduga ne suka kwana a ciki kowane karo.

Bahaushe ba baƙon fatauci ba ne. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da birni da kewaye cike da masaƙa da marina, ana kai tufafinsu har Timbuktu da Tarabulus, kuma turkuɗin Kura ya yi suna a wurin Buzaye tun kafin Turawa su san hanyar ƙasarmu. Saboda haka ba ciniki da baƙi nake suka ba. Tambayata ita ce da wane shiri muka shiga kasuwar duniya, kuma wa aka bari da asara bayan an shiga.

An buɗe masaƙar Kaduna, wadda aka fi sani da KTL, a 1957, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna da wani kamfanin Ingila. Masaƙar UNTL ta biyo baya a Kaduna a 1964 da jarin 'yan kasuwar Hongkong, ga Arewa Textiles da sauransu, har Kakuri ta zama unguwar da ba ta barci saboda ma'aikatan dare da na rana suna karɓeɓeniya. A Kano akwai masaƙu a Bompai da Sharaɗa, akwai kuma a Funtuwa da Gusau. A lokacin da harkar ke ganiyarta ƙasar nan tana da masaƙu fiye da 100, kuma bayan gwamnati da wuya a sami inda ya kai su ɗaukar ma'aikata. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda arzikin yake zagayawa: manomi a Malumfashi ko Tsafe ya noma auduga, injin gurza ya raba ta da gurya, masaƙa ta kaɗa zare ta saƙa ta buga zane, ɗan kasuwar Kantin Kwari ya sara, tela ya ɗinka, mai abinci da mai gidan haya da direban babbar mota kowa ya sami rabonsa. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ma ta yi ƙarfin da daga cikinta Adams Oshiomhole ya taso, domin a Arewa Textiles ya fara aiki kafin ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa.

Sauyin ya soma ne a 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP bisa shawarar Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. An karya darajar naira, wadda kafin nan ta fi dala ɗaya, sai kayan gyaran injina da sinadaran rini da ake sayowa daga waje suka yi tsadar da masaƙu ba su saba gani ba. A shekarar ce kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Hukumar tana da nata laifin, domin ta daɗe tana biyan manomi ƙasa da abin da kayansa suka cancanta, amma ita ce take raba iri mai kyau, take tantance ingancin auduga, take kuma tsayar da farashi kafin a yi shuka. Da aka cire ta ba a kafa komai a gurbinta ba, sai iri ya gauraye, inganci ya faɗi, manoma da yawa suka koma masara da waken suya.

Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wato WTO, tun kafuwarta a 1995, kuma a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Ƙasar Sin ta shiga ƙungiyar a ƙarshen 2001, kuma ba a daɗe ba atamfarta ta cika kasuwannin Afirka ta Yamma, wani lokaci ma da zanen da aka kwaikwaya daga namu. A nan ne nake son mai karatu ya tsaya ya yi lissafi. Masaƙar da ke can tana da wutar lantarki dare da rana, da bashi mai sauƙin ruwa, da tashar jiragen ruwa a kusa. Tamu tana ƙona dizal a janareto, tana neman baƙin mai na tukunyar tururi ba ta samu saboda matatar Kaduna ba ta aiki yadda ya kamata, kayanta kuma sai sun bi titi mai ramuka daga Legas tun da jirgin ƙasa ya tsaya. An ce wa gurgu ya yi tsere da mai doki, sannan aka zo ana zarginsa da lalaci. KTL ta daina aiki a 2002, UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007, sauran kuma suka bi ɗaya bayan ɗaya.

Adalci ya sa in faɗi abu biyu da masu kukan rufe masaƙu ba su cika faɗa ba. Wasu masu masaƙun sun yi shekaru suna cin riba a bayan katangar haramci ba tare da sun sabunta injinansu ba. Sannan arhar yadin waje ta taimaki talaka ƙwarai, domin magidancin da zai yi wa iyalinsa ɗinkin salla, da saurayin da ke haɗa lefe, da dubban matasan da ke neman abinci a Kantin Kwari, duk sun amfana. Sai dai wannan amfani ya watsu kaɗan-kaɗan a kan mutane masu yawa, ita kuwa asarar ta taru gaba ɗaya a kan wasu gidaje da wasu unguwanni. Masana tattalin arziki suna cewa ribar ciniki ta isa a rage wa wanda ya yi asara zafi, to amma a nan ba wanda ya rage wa kowa komai. Mutumin da ya yi shekara ashirin a gaban injin saƙa ba a koya masa wata sana'a ba, ba a ba shi jari ba, sai ya koma acaba ko gadi yana da furfura, 'ya'yansa kuma suka bar makaranta.

Da gwamnati ta ga ɓarna sai ta koma ga haramci a 2002, kuma wannan ma bai tsinana wa ma'aikaci komai ba. Kayan da aka hana su shigo ta Apapa sai aka riƙa sauke su a Kwatano da Lome, su haura Nijar, su shigo mana ta ɓarauniyar hanya. Baitulmali ya rasa kuɗin fito, masaƙa ba ta sami kasuwa ba, 'yan fasa-ƙwauri da masu ɗaure musu gindi su ne suka yi kuɗi. Mun sake ganin irin wannan daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamban 2020, lokacin da aka rufe iyakokin tudu: farashin abinci ya hau, ƙananan 'yan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari da 'yan'uwansu na Maraɗi da Ƙonni suka shiga ƙunci, alhali ba masaƙa ɗaya da rufewar ta tayar daga kwance.

Ya kamata kuma a san cewa manyan ƙasashen da ke yi mana wa'azin sakin kasuwa ba haka suka yi ba lokacin da suke tasowa. Ingila ta kafa dokoki a 1700 da 1721 don hana shigo da yadin auduga na Indiya, har masaƙunta suka tsaya da ƙafafunsu. A zamaninmu ma Amurka ta daɗe tana ba manoman audugarta tallafin biliyoyin daloli, wanda ya danne farashi a kasuwar duniya. Binin da Burkina Faso da Chadi da Mali sun kai kukansu taron WTO na birnin Kankun da ke ƙasar Meziko a 2003, aka watse ba su sami biyan buƙata ba. Burazil, da yake tana da ƙarfi da lauyoyi, ta kai ƙara ta yi nasara, daga baya Amurka ta riƙa biyanta kuɗi har aka rufe maganar da dala miliyan 300 a 2014. Manomin Mali da na Chadi, wanda shi ne ya fi jin jiki, ko sisi bai gani ba daga wannan sulhu.

Ƙasashen da suka sami ayyukan da muka rasa su ma ba a kan tabarmar hutu suke ba. Bangaladash ta samar wa mutane kusan miliyan 4 aiki a ɗinkin tufafi, akasarinsu mata, kuma wannan ya fitar da gidaje da yawa daga yunwa, abin da ba zan raina ba. Amma a ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a kan ma'aikata, mutum fiye da 1,100 suka rasu suna ɗinka wa manyan kantunan Turai da Amurka kaya, bayan an ga tsagewar bango tun ana gobe aka tilasta musu shiga. Sai bayan wannan musiba ne kamfanonin suka yarda da yarjejeniyar binciken gine-gine. Duk ƙasar da ba ta da abin tallatawa sai arhar gumin mutanenta, to tana cikin fargabar ranar da za a sami wadda ta fi ta arha.

Yanzu ga kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Yamai a watan Yulin 2019, aka kuma buɗe ta a farkon 2021. Ina goyon bayanta, domin kasuwar Nijar da Chadi da Kamaru da Gana kasuwarmu ce tun kaka da kakanni. Sai dai maƙwabciyarmu Binin, wadda take cikin manyan masu noman auduga a Afirka, ta riga ta kafa yankin masana'antu a Glo-Djigbé kusa da Kwatano, inda ake kaɗa audugarta a saƙa a ɗinka. Idan muka zauna, gobe yadin da za mu saya ba sai ya taso daga Sin ba. Wajibi ne kuma wakilanmu su tsaya tsayin daka a kan ƙa'idar asalin kaya, don kada a shigo da yadin Asiya wata ƙasa a manna masa tambari a ce na Afirka ne.

An taɓa ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu, amma bashi ba ya juya inji idan babu wuta. A ganina abin da ya kamata a fara da shi shi ne wuta da iskar gas mai tabbas zuwa Kakuri da Sharaɗa da Bompai, tare da ba cibiyar binciken noma ta Samaru kuɗin da za ta yawaita irin auduga mai kyau ya isa hannun manomi kafin damina. Dokar shugaban ƙasa ta 2017 da ta umarci ma'aikatu su fifita kayan gida a yi aiki da ita da gaske, kakin soja da na 'yan sanda da zannuwan asibiti su fito daga masaƙunmu. Idan za a ba da kariya ta kuɗin fito, a ba ta wa'adi da sharaɗi kamar yadda Koriya ta Kudu ta yi wa kamfanoninta, wanda bai inganta kayansa ba a janye masa.

Kafin duk wannan akwai bashin da ke wuyan gwamnonin jihohin Arewa 19, waɗanda su ne suka gaji mallakar KTL. Tsofaffin ma'aikatanta sun shafe shekaru suna neman haƙƙoƙinsu na sallama, da yawa sun rasu suna jira, matansu da marayunsu ne ke ci gaba da bibiya. Ina roƙonka, Malam Edita, ka tura wakilinka Kakuri ya zauna da su ya ji adadin abin da suke bi, sannan ya kai tambayar gaban ƙungiyar gwamnonin Arewa, a buga mana amsar da suka bayar.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Kaduna