Wasiƙar Godiya ga Sashen Kula da Lambuna da Wuraren Shaƙatawa na Abuja

Zuwa ga Darakta da dukkan ma'aikata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin maƙwabtana na unguwar Garki domin mu gode muku a bainar jama'a bisa yadda kuke kula da ɗan lambun da ke tsakiyar gidajenmu.

Kowa ya san Millennium Park na Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disamban 2003, amma zuwa can sai da shiri da kuɗin mota. Namu ƙarami ne, inuwar darbejiya da mangwaro ce da 'yan kujerun siminti, sai dai da ƙafa ake isa gare shi, shi ya sa ba ya rabuwa da jama'a.

A garuruwanmu na asali akwai dandali da ƙofar gida, inda ake zama a san halin da kowa yake ciki. A Abuja kuwa kowa yana bayan katanga, har mutum ya shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. Lambun nan ne ya cike mana wannan gurbi. Bayan La'asar dattawa suna hira, yara suna ƙwallo a gaban idon iyayensu, mata suna taron adashi, kuma a nan kwamitin unguwa yake tattauna albashin masu gadi, Musulmi da Kirista a kujera ɗaya. Labarin haihuwa ko na rasuwa ma a nan yake fara isa kunnenmu, mu je barka ko ta'aziyya tare.

Tsarin birnin na 1979 ya ware filaye masu yawa domin itatuwa da shan iska, tun kafin gwamnati ta taso daga Legas a 1991. Duk wanda ya san tsadar fili a Garki yau zai gane cewa barin wannan wuri ba tare da an cika shi da shaguna ba riƙon amana ne babba.

Godiya ta musamman ga masu shara da masu yankan ciyawa da damina, waɗanda suke rage mana sauro da fargabar macizai, da masu ban ruwa cikin zafin Maris da Afrilu. Roƙonmu guda shi ne a sanya fitilu masu aiki da hasken rana, domin a iya zama har bayan Isha'i. Allah ya saka muku da alheri.

Naku,
Wani mazaunin Garki, Abuja