A daina danne kumburi da ƙwaya kafin a san dalilinsa

Edita, assalamu alaikum.

Muna neman fili a jaridarka mu ja hankalin jama'a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare. Da zarar wuri ya kumbura sai a ruga kemis a sayo diclofenac ko dexamethasone a afa, ba a tsaya an san abin da ya kawo kumburin ba.

Kumburi aikin garkuwar jiki ne. A ce ƙusa ta soki mutum a tafin ƙafa. Cikin 'yan mintoci wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin fata za su saki sinadarin histamin, ƙananan jijiyoyin wurin su buɗe, jini ya kwararo, wurin ya ɗauki zafi. Ruwan jini ya tsattsafo ya taru a cikin nama, shi ne kumburin. Zugin kuwa, sinadarin prostaglandin ne ke rura shi. Bayan 'yan sa'o'i sai fararen ƙwayoyin jini da ake kira neutrophil su iso, su haɗiye ƙwayoyin cuta, su mutu a nan. Mugunyar da ake gani yawanci gawarwakinsu ce. Kwana 1 zuwa 2 sai masu shara, macrophage, su kwashe dattin don sabon nama ya tofo. Kaluluwar da ke fitowa a matsematsi ita ma ba banza ba ce: a can jiki ke shirya ƙwayoyin da za su gane wannan cutar takamaimai, aikin da kan ci mako 1 zuwa 2 a karon farko.

To, me ƙwayar maganin take yi? Diclofenac da ibuprofen suna hana jiki yin prostaglandin, zugi ya lafa, amma ba sa kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Sinadarin nan kuma shi ke kare bangon ciki, yana taimaka wa jini isa ƙoda, shi ya sa yawan shan waɗannan magunguna ke jawo gyambon ciki, aman jini da lalacewar ƙoda. Dexamethasone da prednisolone sun fi haɗari idan ba likita ya rubuta ba, domin garkuwar kanta suke kwantarwa. Zazzaɓi ya sauka, mutum ya ji garau, cuta na ci ta ƙarƙashi. Sukari da hawan jini su tashi, fuska ta cika. Abin takaici, wannan cikar ce wasu 'yan mata ke nema da sunan ƙiba. Wanda ya haura mako 3 yana shan dexamethasone ko prednisolone kada ya yanke lokaci guda. Likita ne zai rage masa a hankali.

Ƙaramin rauni, a wanke shi da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe da bandeji, a ɗaga ƙafar, a sha paracetamol. Ban da toka, baƙin mai ko man goge baki. Sukar ƙusa kuma sai an duba batun allurar tetanus.

Littattafai na cewa wurin zai yi ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi sheƙi. A taɓa da bayan hannu a gwada da ɗaya ƙafar, a zagaye bakin kumburin da biro. Idan washegari ya tsallake layin, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, a nufi asibiti. Idan numfashi ya yi sauri, fitsari ya ragu, mutum ya fara sambatu, to kumburin ya mamaye jiki duka, kada a jira gari ya waye. Wannan shi ne sepsis, wanda aka ƙiyasta ya ci rayuka miliyan 11 a duniya a 2017. Mai ciwon sukari kuwa, ko ƙaya ce ta soke shi a ƙafa, ya kai a duba a ranar, domin sau da yawa ba ya jin zafin da zai gargaɗe shi.

Muna roƙon masu kemis su daina sayar da dexamethasone ba takardar likita.

Daga wasu ma'aikatan jinya,
Zariya.