Zuwa ga Babana, a kan muƙamin da aka ba ka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da malamanka da abokan karatunka. Mu nan gida lafiya lau, sai zafin da ya fara sauka. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, har ta koma taka ta zuwa gidan Baffanka.

Na so in haƙura sai ranar ziyara, na kasa. Tun da ba a barinku da waya, na roƙi Kawunka ya biya ya miƙa wannan takarda ga malamin da ke kula da gidanku.

Shekaranjiya bayan sallar isha'i maƙwabcinmu, wanda ɗansa ke aji ɗaya a makarantarku, ya ja ni gefe. Yaron ya zo gida da zazzaɓi. Maƙwabcin ya fara da yi mini murna an ba ka firfet na leba, mai kula da shara da yankan ciyawa, na ce na ji, na gode. Sai ya yi jim, ya ce akwai wata magana. Wai daren Juma'ar da ta wuce siniyoyi sun tara yaran aji ɗaya a bayan ɗakin kwana saboda ba su share inda aka yanka musu ba, aka sa su tsallen kwaɗo, aka mari ɗaya har kunnensa ya yi jini. Ya ce ɗansa bai ga mai marin ba don duhu, amma muryarka ya ji tana ba da umurni. Ban gaya wa Innarka ba tukuna. Ni kuwa tun daren barci ya ƙaurace mini.

Ni ba baƙon muƙaman nan ba ne. Na shiga fom wan a 1979, makonni kaɗan kafin a rantsar da Alhaji Shehu Shagari shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa kuma gwamna. Lokacin jihar Sakkwato ɗaya ce, ba a cire Kebbi ba sai 1991, Zamfara sai 1996, don haka a ɗaki guda za ka tarar da ɗan Zuru da ɗan Yawuri da ɗan Argungu da ɗan Ƙauran Namoda da mu 'yan cikin gari. Gwamnati ke ba mu yunifom da littattafai da sabulu, har da kuɗin mota in hutu ya zo. In an tashi aji malamai sun tafi gidajensu, sai wanda ke kan duti. Daga azahar har wayewar gari makaranta a hannun ɗalibai take: hedboi da mataimakinsa, kaftin na kowane gida, firfet na abinci, na lafiya, na wasanni, na laburare, na leba, sai mai ƙararrawa da ke dukan tsohon wilin mota da asuba. Samari 'yan shekara 17 da 18 ke riƙe da ɗaruruwan ɗiyan mutane, kuma suna riƙewa.

Ni abinci aka ba ni a fom fayif. Da ni ake auna shinkafa da wake a sito. Ni ke tsayawa a kan masu yanka nama don kada ƙashi ya zama rabon ƙanana. In ɗan kwangila ya kawo garin da ya yi ƙwari, in rubuta a littafi, in kai zaman da muke yi da firinsifal, in faɗa a gabansa. Ban taɓa zama cin abinci ba sai na zagaya teburan 'yan fom wan na ga kowane kwano da abu a ciki, sau da yawa sai ƙanzo nake samu. Haka muka fahimci muƙami: ka riga kowa tashi, kowa ya riga ka ci, kowa ya riga ka kwanciya.

Ba na ce ba a duka a zamaninmu ba. Ana yi. Amma akwai abin da ke taka wa siniya birki, wanda na lura kuna neman rasa shi. Akwai yammacin da aka keɓe wa kulob-kulob, kuma dole kowa ya shiga ɗaya. Ga Sikawut, ga ƙungiyar agaji ta Red Cross, ga masu wasan kwaikwayo, ga matasa manoma da kwamin albasarsu a bayan makaranta, ga ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, wadda aka kafa a Legas tun 1954, ita ke shirya karatu tsakanin magariba da isha'i. Ni muhawara na shiga. A can ba a tambayar ajinka. A aza magana, a ce malami ya fi likita amfani, ko makarantar kwana ta fi jeka-ka-dawo, a ba kowa mintunansa, sai ɗan fom tu ya miƙe ya kayar da ɗan fom fayif a gaban makaranta duka, alƙalai su ba shi, a tafa masa. Wanda yaro ya kayar da shi jiya da hujja, yau hannunsa ba ya saurin tashi a kan yaron nan. A masallaci ma haka, wani ɗan ƙaramin da ya zo da sauka daga makarantar allo shi ke gyara wa hedboi karatu.

Filin wasa ya fi ma. Gasar gidaje ba manya kaɗai ke cin ta ba, makin ƙanana ma ana haɗawa kafin a ba da kofi. Kaftin ɗin da ya gallabi yaransa ba zai sami mai yi masa gudun mita 100 ko na miƙa sanda da zuciya ɗaya ba. Shi ya sa in gasa ta matso za ka ga ƙato yana lallashin ɗan fom wan, yana ba shi sukarinsa da madararsa, yana duba masa ƙafa ko ƙaya ta soke shi. Ga ƙwallon ƙafa, ga hoki, ga jifan mashi, ga jan igiya, ga gudun yada ƙanin wani da muke yi tun duhun asuba cikin sanyin hunturu, ga langa da daddare in akwai farin wata. Har wasan faifs akwai masu yi, wanda ake buga 'yar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Sardauna Ahmadu Bello ya yi suna a kansa tun yana Kwalejin Katsina, inda ya gama a 1931, kuma bai bar shi ba har yana Firimiya. Ƙarfin da ke damun saurayi a can muke zubar da shi. In dare ya yi ba mai sauran kuzarin tara yara a bayan ɗaki.

Abin ya sauya mana ne a shekararmu ta ƙarshe. Soja suka karɓi mulki ranar ƙarshe ta 1983, a watan Maris na 1984 aka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a. Ba zan ce bai yi amfani ba, layi ya miƙe, gari ya yi tsabta. Amma mun ga ana sa magidanta tsallen kwaɗo a bainar jama'a, sai wasu daga cikinmu suka ɗauko gwale-gwale suka shigo da shi makaranta, suna ganin ai haka ake mulki.

Firfet ɗinmu na leba abokina ne. Wallahi ba mugu ba ne, yaron kirki ne mai sallah a kan lokaci, kamarka. Wata Asabar wani ɗan fom wan, ɗan ƙauye, ya ɓatar da langalangar da aka ba shi ta yankan ciyawa. Mari ɗaya ya yi masa, da tafin hannu, a kunnen hagu. Ɗaya tak. Ka san abin da mari ke yi wa kunne? Tafin hannu na rufe ƙofar kunnen ya tura iska ciki da ƙarfi, dodon kunnen ya fashe. In an yi sa'a aka kula da shi, ba a bar ruwa ya shiga ba, yakan haɗe da kansa cikin 'yan makonni. Yaron nan ya ɓoye don tsoro, yana wanka ruwa na shiga, har kunnen ya fara zubar da ruwa mai wari. Kafin a farga ya daina ji da shi. Yana zaune a aji malami na magana yana karkata kai, ana ce masa daƙiƙi, alhali da sakamako mai kyau ya zo daga firamare. Ubansa ya zo, tsoho, da ƙurar hanya a ƙafarsa. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi shi dai da kunne biyu ya kawo ɗansa. An tuɓe abokina a gaban asambuli ana saura kaɗan jarrabawar fita. Yaron kuma na ji bai kai fom tiri ba ya koma gona. Abokin nan nawa ya yi karatu, ya riƙe manyan ofisoshi, ya je ya nemi gafara an ce an yafe masa, amma har yau in muka haɗu a wurin ɗaurin aure ko jana'iza sai ya kawo maganar.

Wanga abu nake jin tsoro, Babana. Ba faɗuwa jarrabawa ba, ana sake ta. Ba kora ba, akwai wasu makarantu. Tsorona ka naƙasa ɗan wani kana shekara 17 ka ɗauki abin har kabarinka. Ka karanta a Suratul Ma'ida: ido da ido, hanci da hanci, kunne da kunne. Da me za ka biya?

Kuma kada ka ce mini ba hannunka ba ne. Wa ya tara su? Wa ya zaɓi dare, ya zaɓi bayan ɗaki inda malami ba zai gani ba? In aikin da kake yi na gaskiya ne, me ya hana ka yi shi da rana, ka rubuta sunayensu ka kai wa malamin duti kamar yadda doka ta ce? Wanda ya tara yara cikin duhu ya saki manya a kansu, shi ya yi marin, ko da hannuwansa na cikin aljihu. Kai har ka manta? Kai ne fa a aji ɗaya ka aiko mana da takarda duk hawaye ya ɓata ta, an ƙwace maka gari da sukari, an sa ka wankin wani ƙato har hannunka ya saɓule. Innarka ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba. Yanzu don an liƙa maka ɗan baji a ƙirji kai ne ka zama ƙaton? Sunan mahaifina gare ka. Mutumin da ya shekara arba'in yana karantar da almajirai a zaure ba a taɓa jin ya fasa wa ɗan kowa jiki ba. Ban ba ka sunansa don a riƙa kiransa cikin kuka a bayan ɗakin kwana ba.

Na san abin da za ka ce a ranka, ai Baba ma ya doke ni. Ƙwarai na doke ka, kuma ranar da kuka tafi wanka gulbin Rima ba da sanin kowa ba, ko yau ka sake sai na sake. Amma ni na haife ka, ni ke kwana a kanka in ba ka da lafiya. Da rana na doke ka, a tsakar gida, a gaban Innarka, a ƙafa. Ka tuna ko sau ɗaya da na kai hannu fuskarka? Manzon Allah (SAW) ya hana dukan fuska, kuma kai ka san hadisin. Makarantar kwanan ma ni na dage, Innarka jeka-ka-dawo ta so, kuma har gobe ina ganin daidai na yi. Na kai ka ne don ka koyi zama da mutane ka koyi riƙon amana, irin yadda ta koya mini.

Ina sane kuma da cewa tun da aka ba ka muƙamin ka daina fita gudu, ka bar kulob ɗin muhawara, wai ba ka da lokaci. Wannan ma ya dame ni. Ranar da ka yi gudu a filin wasa na Giginya ka zo na biyu, ban faɗa maka ba, amma sai da na tsaya a shagon Baffanka na ba kowa labari. Yaron nan nake so a dawo mini da shi. Na san zuciyarka, ba ta mugunta ba ce. Kai ne ke goya ƙanwarka zuwa Islamiyya in ƙasa ta yi zafi. Abokan muƙami ne ke zuga ka, kana tsoron kada a ce ba ka da zafi. Bari su faɗa. Watanni kaɗan suka rage ku watse, wasunsu ba za ka sake ganinsu ba.

Ga abin da nake so ka yi, kuma yau, ba gobe ba. Ka nemi yaron da aka mara da kanka. Ka gaya masa kada ya sa mai ko auduga ko wani maganin gargajiya a kunnen, kada kuma ya bari ruwa ya shiga. Ka je wurin malamin gidanku ka faɗi abin da ya faru tun daga farko, har da naka a ciki, ka roƙa a sanar da iyayensa a kai shi sashen kunne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kuɗin a kaina, kuma zan je wurin mahaifinsa da ƙafata. In sun ce za su karɓe bajin, ka cire ka ba su da hannu biyu, ba zan ji kunyarka ba. In kuma labarin da aka kawo mini ba haka yake ba, ka rubuto mini yadda yake ta hannun Kawunka, zan saurare ka, ka san ban taɓa yanke maka hukunci ban ji daga bakinka ba.

Innarka ta sa maka kilishi da ƙuli-ƙuli da yaji a cikin jakar. Takalmin gudun da ka bari a ƙarƙashin gado ma na sa an wanke, yana ciki. Hajiya ta ce ka riƙa shan ruwa da yawa, zafin bana ba na wasa ba ne. Ƙannenka duk suna gaishe ka. Zan zo ranar ziyara in Allah ya kai mu, da wuri.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare hannunka daga haƙƙin mutane.

Mahaifinka.