In ka san makin, kar ka bar manhaja ta yi maka canki

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da masu nazarin data, musamman ɗaliban da ke son gano ko wani magani ne ya jawo sauƙi ko dama can za a warke. Akwai abin da ake kira makin yiwuwa, wato furofensiti sko, Rosenbaum da Rubin ne suka fito da shi a 1983, ma'anarsa dai yiwuwar a ba mutum maganin in aka duba shekarunsa da yanayin ciwonsa da sauransu. In tsofaffin fayil ɗin asibiti ka tattaro, ba wanda ya san makin nan, dole a ƙiyasta. Amma in kai da hannunka ka raba mutane da ƙuri'a ai ka san shi tun kafin a fara! Ka ce kashi 70 cikin 100 na tsofaffi su samu, matasa kashi 30, to makin kenan, 0.7 da 0.3.

Kwanan nan wani ɗalibina ya kawo min aikinsa, gwajin ƙuri'a ne rabi da rabi amma ya bar manhaja ta ƙiyasta da kanta, mutanen kuma ba yawa, sai ta ba wasu 0.9 wasu 0.1, kuma tunda nauyin da ake ba wanda ya sha maganin a cikin lissafi shi ne ɗaya a raba da makinsa, mai 0.1 ya zama kamar mutum goma, mutum biyu uku suka ja sakamakon gaba ɗaya, wallahi abin ya dame ni don yaron ya sha wahala wajen tattara bayanan nan. Alhali a grf, wani kunshi na manhajar ƙididdiga ta R, akwai W.hat, wurin da ake sa makin, 0.5 kawai zai rubuta. MatchIt ma, wani kunshin na R, yana karɓar makin da ka kawo ta wurin da ake kira distance.

Na san wani zai ce ai Hirano da Imbens da Ridder sun nuna a 2003 cewa makin da aka ƙiyasta yakan fi na ainihi rage kuskure, saboda yana gyara ɗan karkacewar da ƙuri'a ke haifarwa. Gaskiya ne, amma da samfuri mai yawa suke magana, kuma da sharuɗɗa, ba mutum tamanin da tulin ginshiƙan bayanai ba.

Roƙona ga malamai, kafin ɗalibi ya buɗe kwamfuta a tambaye shi wa ya raba maganin kuma ta yaya. A aikin ɗalibin nawa dai mun sa 0.5 mun sake gudanarwa, yanzu yana gyara babi na huɗu.

Naka,
Wani malamin ƙididdiga